Bakin Kasuwa da Bakin Mai Shi

Mu uku aka aika kasuwa ran nan, mu ukun kuma muka kwaso kunyar. Yayanmu ne zai yi aure, za a kai goron tambaya gidan iyayen yarinyar a wata unguwa ta Maraɗi. Kawu, wanda shi ya saba ɗaukar wannan nauyi tun ba a haife mu ba, yana kwance, zazzaɓi ya kayar da shi. Mahaifiyarmu ta ƙirgo kuɗi ta damƙa mana, ta ce ƙwarya biyu, wato goro ɗari biyu, kuma mu zaɓo mai kyau. Muka amsa da "to", kamar mun san abin da ake kira kyau a wajen goro.

Da ido muka yi cinikin. Muka zaga rumfuna har muka tarar da wani tuli ja jawur, manya-manya, an yayyafa masa ruwa yana ta sheƙi. Mai shi ya lura ba mu taɓa ko ɗaya ba, sai ya ƙara mana biyar gyara, muka dawo gida muna yabon kirkinsa. Washegari a zauren surukai, wani dattijo ya ɗauki ɗaya ya ɓara, ya duba cikinsa, ya mayar ya haɗe, ya sa a aljihu. Ya ɗauki na biyu ya ɓara. Daga inda muke zaune muna hango baƙin layin da sankara ta bi ta cinye, da garin da ya zubo masa a tafin hannu. Ba wanda ya ce uffan. Aka yi addu'a, aka shafa, aka ba mu yarinya. Amma kafin mu iso gida labari ya riga mu, har wata gwaggonmu tana cewa an aiki yara sun sayo kyan ɗan maciji.

Da Kawu ya samu sauƙi bai yi mana faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Tambaya biyu ya yi. Ya ce, "Guda nawa kuka ɓara kafin ku biya?" Muka ce ko ɗaya. Ya ce, "Guda nawa kuka tauna?" Babbanmu ya ce, "Kawu, ai mu ba ma cin goro. Ɗaci gare shi, abin tsofaffi ne." Kawu ya jinjina kai, ya ce daga gobe, in an sallame la'asar, mu same shi a rumfa.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne wannan mutum. Wan mahaifiyarmu ne, ya haura shekara arba'in yana sana'ar goro, kuma gadonta ya yi. Kakansa yana cikin fataken da ke kora jakai zuwa Gwanja, tafiyar watanni, su kai kanwa da tufafi da fatu su ɗauko goro a kasuwar Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Kawu ne ya fara gaya mana cewa goron Gwanja ba a Gwanja yake tsirowa ba. A kurmin Asante ake shuka shi, can kudu, Salaga mahaɗa ce kawai inda mai kurmi da mai jaki suke gamuwa, sai sunan kasuwa ya bi kaya. Har Yarbawa da "gbanja" suke kiran wannan irin. Shi kansa Kawu zamanin mota ya riska. Ya yi Kumasi, ya yi Shagamu, ya kwana a kan huhun goro a bayan babbar mota sau ba adadi, yana tashi cikin dare ya yayyafa ruwa don kada iskar hunturu ta busar masa da jari.

Darasin farko bai bari mun kai komai baki ba. Ya ce baki shi ne alƙalin ƙarshe, akwai shaidu huɗu da ake saurara kafin shi. Hannu ne na farko: lafiyayyen goro yana da nauyin da ya fi girmansa, wanda ƙwaro ya shiga kuwa sakayau yake. Sai ido, amma ba a kan launi ba. A duba tsagin da ɓari biyu suka haɗu, a duba gindi, ko akwai ɗan huji kamar na allura. Sai kunne, domin goro mai rai in an ɓara shi yakan ce ƙas, wanda ya sha iska kuwa lanƙwasa yake yi kamar danƙo. Sai hanci. Ya ɓara ɗaya ya miƙa mana, muka shinshina muka ce ba mu ji komai ba. Ya ce mu rufe ido mu sake. A karo na uku autanmu ya ce yana jin wani abu kamar ƙamshin ƙasa in an yi yayyafin fari. Kawu ya ce, "Madalla, ɗana. Kai ka fara shigowa gari."

Da aka zo taunawa, ƙa'idarsa ita ce ɗan ƙanƙane, kamar ƙwayar gujiya, a gutsura da haƙoran gaba, a tauna a hankali, kada a yi gaggawar haɗiyewa ko tofarwa. Nan muka gane cewa abin da muke kira ɗaci tun muna yara abu biyu ne muka cakuɗa. Akwai ɗaci na gaskiya, irin na maɗaci ko ganyen dogon yaro, wanda ke zama can bayan harshe. Akwai kuma bauri, wanda shi ba a harshe kaɗai yake aiki ba, yakan kama dasashi da cikin kunci ya ɗaure su, baki ya bushe kamar an ci ɗanyar kanya. Wani goron ɗacinsa ya fi baurinsa, wani baurin ne ke gaba. In aka yi haƙuri aka ci gaba da taunawa, su biyun sukan ja da baya, sai garɗi ya fito, daga can kuma wani siririn zaƙi ya biyo. Daidai nan Kawu kan miƙo moɗa daga randa ya ce a kurɓa. Wanda bai taɓa shan ruwa a bayan goro ba, ba zai yarda ba in an ce masa ruwan randa na iya zama kamar an jefa masa sukari. Mu ma ba mu yarda ba sai da muka sha.

Daren nan ba wanda ya runtsa a cikinmu. Mun ci goro ya kai iri shida don zumuɗi, ga shi jikin bai saba da sinadarin kafeyin da ke cikinsa ba, irin wanda ke cikin shayi da gahawa. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar ya kafa mana doka, iri uku a zama ɗaya, da kurkure baki a tsakani, domin in ji shi harshe ma yana gajiya, kuma gajiyayyen harshe maƙaryaci ne.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne magana. Ya haramta mana kalma biyu a rumfarsa, "da daɗi" da "ba daɗi". In ɗayanmu ya ce wannan da daɗi, sai ya ce, "Ban tambaye ka hukunci ba, labari na tambaye ka. Me ya fara yi maka? Ina ya tsaya? Ya daɗe ko ya wuce?" Dole muka shiga neman kalmomi, muka kuwa tarar Hausa ta tanade su tuntuni, mu ne ba mu taɓa buƙatarsu ba: garɗi, bauri, maƙaƙi, yauƙi, galmi, lami, garas-garas. Wanda babu sunansa sai mu kwatanta. Na tsakiyarmu ya taɓa cewa wani goro yana da ɗanɗanon tsohon buhu, Kawu ya karɓa ya tauna, ya ce gaskiya ne, an bar shi cikin jiƙaƙƙiyar algarara ya kwana biyu ba a juya ba. Mun lura cewa duk abin da muka samo wa suna, gobe in ya dawo muna gane shi. Wanda ba mu sa wa suna ba kuwa yakan wuce kamar baƙon da ba a tambayi garinsu ba.

Ya koya mana darajojin girma: goriya ita ce babba, sai marsa, sai saran-waga, sai minu, ƴan ƙananan da ake bai wa almajirai da yara. Daga baya muka karanta cewa Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta waɗannan darajoji huɗu kusan da sunayen da Kawu ke kiransu. Ya koya mana bambancin goro mai ɓari biyu, wanda Bahaushe ya ɗauka shi ne goro, da hannun-ruwa mai ɓari uku ko fiye, mai yauƙi, wanda ƴan kasuwa ke yi wa kallon ƙasƙanci. Ya ba mu labarin ɗan Labuje na ƙasar Nufe, da yadda sarakuna ke nemansa. Sama da duka kuma ya ɗora daushe.

Daushe goron bara ne da aka yi jinyarsa har ya ga bana. Ana jera shi cikin kwando a lulluɓe da ganyen fita, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana tsince wanda ya kamu, ana sauya ganye, wata da watanni. Ruwan jikinsa yakan ragu, kaifin ɗacin ya kwanta, garɗin ya taru wuri guda. Wahalar ajiyar da asarar da ake yi a hanya su ke sa tsadarsa. In dattawan rumfa suka samu daushe na ƙwarai sukan yi shiru su lumshe ido, sannan a shiga yabo. Mu ma muka koyi lumshe idon. Muka koyi cewa "kai, wannan ya kwanta", muka koyi yamutsa fuska in an miƙo sabon goro, muna cewa ruwa ne tsalla. Shekara biyu muna haka. Babbanmu ya ƙara da cewa shi fari kaɗai yake ci, ja yana yi masa maƙaƙi. In za mu faɗi gaskiya, a wannan lokaci mun iya zaɓen goro, ba wanda zai sake sayar mana da sankara. Amma ko mu kanmu ba mu san wanne muke so ba, domin ba mu taɓa tsayawa mun tambaya ba. Abin da manya suka yaba shi muke yabawa, har muka ɗauka daga bakinmu yabon ke fitowa.

Abin da ya tone mu daga nesa ya zo. Autanmu ya samu tafiya karatu Faransa, a birnin Bordo, wanda duniya ta san shi da gonakin inabi da giyar da ake yi da shi. Shi ba ya sha, addini ya raba mu da ita, amma wanda ya zauna a garin ba zai rasa jin zancenta ba, kamar yadda wanda ya zauna a Agadas ba zai rasa jin zancen raƙumi ba. Da ya zo hutu yana ba da labari a rumfa, ya ce akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ɗanɗana giyar inabi. Kawu ya ce a'uzubillahi, sannan ya gyara zama ya ce a ci gaba.

Auta ya ce sukan zuba kaɗan a kofin gilashi, su ɗaga su dubi launi, su juya kofin don ƙamshi ya tashi, su shinshina, su kurɓa su zagaya da ita cikin baki, sannan su tofar a wani mazubi, domin mai ɗanɗana iri da yawa in yana haɗiyewa hankalinsa zai gushe kafin ya gama. Ya ce suna raba tsami da ɗaci da bauri, kuma baurin jar giya daga wani sinadari yake zuwa da ake kira tanin, wanda ke cikin fatar inabi da ƙwayarsa, danginsa kuma yana cikin goro da ganyen shayi. Suna ajiye ta shekaru don baurin ya kwanta. Suna kiran kowace da sunan gonarta da shekarar da aka tsinki inabin. A 1855 aka jera fitattun gonakin yankin daraja biyar, saboda wani baje kolin duniya da aka yi a Paris, kuma har yau da wannan jeri ake ciniki, kusan ba a taɓa shi ba. Kawu ya ce, "Wato su ma suna da goriya da minu, suna da daushe." Da aka gaya masa cewa wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka ya taɓa zuba goro cikin giyar inabi yana sayarwa, daga baya ya cire giyar a 1886 abin ya zama Coca-Cola, sai ya ce ai goro ba inda bai yi fatauci ba.

Labarin da ya fi kama shi na 1976 ne. A shekarar aka tara manyan masana giya na Faransa a Paris, aka jera musu ta ƙasarsu da ta Kaliforniya ba tare da sun ga kwalba ko suna ba. Da aka tattara maki, ta Kaliforniya ce ta zo ta ɗaya, a fara da ja duka. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna cewa babu kamar tasu, bakinsu ya ba da wata shaidar da idonsu a rufe. Kawu ya sa aka maimaita masa labarin sau biyu. Bai ce komai ba, amma mun ga yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari muka tarar ya yayyanka goro ƙanana-ƙanana a kan faifai, ya kankare bayansu, ya kasa kashi biyar. Ya warware rawaninsa ya ɗaure wa babbanmu ido, ya ce yau an ɗage doka, ba labari yake so ba, so yake kowa ya faɗi wanda in an bar shi shi kaɗai a ɗaki zai ƙara gutsura. Babbanmu, mai cewa ja na yi masa maƙaƙi, ja ya zaɓa, har yana cewa ai farin goro ba ya ɓuya. Na tsakiya ya ture daushen da Kawu ya fi ji da shi, ya ce wannan ya bushe, ya zaɓi sabon goro mai ruwa, irin wanda ya shekara biyu yana rainawa. Auta kuwa minu ya ɗauka, na almajirai. Da aka kwance mana ido aka nuna wa kowa zaɓinsa, kunyar da muka ji ta yi kusa da ta zauren surukai.

Muka fara kame-kame, wannan ya ce mura yake yi, wancan ya ce ya sha shayi kafin ya zo. Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ƴaƴana, tambaya biyu ake yi wa goro, ku kun iya ta farko kun ɗauka ita ce duka. Ta farko, lafiyayye ne? An ajiye shi daidai, ya kai kuɗinsa? Wannan amsarta ɗaya ce daga nan har Kumasi, wanda ya saɓa kuskure ya yi. Ta biyu, ya yi maka? Wannan ko Sarkin Katsinan Maraɗi ba zai amsa maka ita ba." Ya ce a cikin kashi biyar ɗin babu marar lafiya ko ɗaya, saboda haka ba wanda ya faɗi jarrabawa, illa dai mun shekara biyu muna cin goro da bakin wasu.

Sai ya sa hannu a aljihun ciki na ƴar shararsa ya fito da wani ƙullin tsumma. Hannun-ruwa ne a ciki, guda biyu, irin wanda ba ya ko bari a ajiye a gaban rumfarsa. Ya ce shi ne abin da mahaifiyarsu ke ci, don shi kuɗinta ke iya saye, kuma tun yana yaro takan gutsura ta sa masa a baki. Ya san yauƙi gare shi, ya san duk aibin da ake faɗa gaskiya ne, ya sayar da daushe ga alhazai da sarakai shekara arba'in yana yabonsa, kuma yabon ba ƙarya ba ne. Amma in dare ya yi ya rufe rumfa, wannan yake ci. Na tsakiyarmu ya karɓi ɓari ya tauna, bai iya haɗiyewa ba. Kawu ya ce ba laifi, ba da shi aka yaye ka ba.

Mun sha juya wannan magana a tsakaninmu, kuma ba mu ɗauke ta a matsayin izinin kowa ya tsaya kan abin da ya saba ba. Da a ranar farko Kawu ya ce mana kowa da son ransa, da mun ce mu ba ma son goro, an wuce wurin, kuma da mun yi ƙarya ba mu sani ba. Wanda iri ɗaya ya taɓa ci sabo gare shi, bai kai ga zaɓi ba tukuna. Sai da muka yi shekara biyu muna tauna abin da ba mu so, muna sa wa kowane ɗanɗano suna, sannan na tsakiyarmu ya iya cewa abin da yake nema a goro shi ne ruwan nan da ƙarar garas a haƙori, kuma daushe ya rasa su ne saboda abin da ya mai da shi daushe. Auta ya gane ɗan kaifin ɗaci yake so, mai zuwa da sauri ya wuce. Babbanmu ya fi kowa shan wuya, don shi sai da ya yarda cewa son farin goro da yake yi daga ganin hannun manya ya samo shi. Har yau in za a shiga mutane fari yake saya, mun bar shi da abinsa. Irin wannan muna ganinsa kullum a fada wajen shayi, da wajen masu turare, saurayi ya rantse da abin da bai taɓa gwadawa da ido a rufe ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu Kawu ya tsufa ƙwarai. Haƙoran sun tafi, da magogi yake goge goronsa ya zuba garin a baki. Bara ya yi wata doguwar jinya, ya tashi harshensa ya dushe, ya ce komai lami yake ji. Ga wanda ya yi rayuwarsa da baki, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, ko da yake bai taɓa kuka da shi a gabanmu ba. Rumfar tana hannun babbanmu. Amma duk ranar da sabon huhu ya sauka, sai an ɗibi kaɗan an kai masa gida. Yakan auna a tafin hannu, ya kai kunne ya ɓara, ya shinshina, sannan ya miƙo mana ya ce a tauna a ba shi labari. Mu faɗa masa inda ɗacin ya tsaya, da daɗewar baurin, da ko zaƙin ya biyo baya. Daga labarin yake yanke ko a saya ko a mayar, ko kuma a ware wannan a yi daushe da shi.

Watan jiya aka zo neman auren ƴar yayanmu, wadda aka haifa daga wancan aure na goro mai sankara. Mu ne a zaure wannan karon. Da aka ajiye ƙwaryar, babbanmu ya ɗauki ɗaya ya ɓara, ya duba, ya ɗauki na biyu. Muna hango samarin da suka kawo ta sun sunkuyar da kai, ɗaya yana share zufa. Lafiyayye ne, marsa ce mai kyau. Bayan an watse muka kai wa Kawu rabonsa, goriya biyar da aka ware masa. Ya jujjuya su, ya sa albarka, ya ce a raba wa maƙwabta. Sannan ya jawo auta kusa, ya ce in ya shiga kasuwa gobe ya leƙa rumfar ƙarshe ta wajen masu kanwa, an ce an kawo hannun-ruwa.